Tatsuniya da Hujja a Nazarin Asalin Baƙin Kalmomin Ingilishi

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen da ake magana da Ingilishi, musamman Ingila da Amurka, akwai wani nau'in rubutu da ya daɗe yana ci a kasuwa, watau littattafai da filayen jaridu waɗanda aikinsu shi ne tattaro baƙin kalmomi, ko waɗanda siffarsu ke da ban mamaki, a bayyana ma'anarsu, sa'an nan a ba da labarin inda suka samo asali. Irin wannan rubutu ya iso gare mu ta hannun malaman makaranta da littattafan koyon harshe, har wasu daga cikin labaran sun zauna daram a azuzuwanmu. Malami ya gaya wa ɗalibi, ɗalibi ya zama malami ya gaya wa nasa ɗaliban, ba tare da wani ya tsaya ya tambayi inda aka samo su ba.

Manufar wannan maƙala ita ce auna irin waɗannan labarai da ma'aunin da masana ƙamus na Ingilishi su da kansu suka kafa. Za mu nuna cewa daɗin labari ba ya zama hujja a kan ingancinsa, kuma sau da yawa labarin da ya fi shiga kunne shi ne ya fi rauni. Abin ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, ɗalibin da aka saba masa da karɓar labari don daɗinsa, da wannan ɗabi'a zai shiga bincike a kowane fanni. Ta biyu, wasu daga cikin labaran sun taɓa harshen Hausa kansa, kamar yadda za a gani nan gaba.

2.0 Ma'aunin da Za a Yi Amfani da Shi

A shekarar 1755 Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa mai ɗauke da kalmomi wajen 42,000. Babban abin da ya yi shi ne kafa hujjar ma'ana da jimlolin da ya ciro daga rubuce-rubucen marubuta, amma ta fuskar asalin kalmomi ya dogara ƙwarai ga magabatansa, waɗanda galibi kintace suke yi bisa kamannin sauti. Sai a shekarar 1857 Richard Chenevix Trench ya gabatar da jawabi a gaban ƙungiyar masana harshe ta Landan, inda ya zayyana giɓin da ke cikin ƙamusoshin zamaninsa. Daga nan aka ɗauki aniyar babban aikin da aka sani yanzu da Oxford English Dictionary. James Murray ya karɓi jagorancinsa a 1879, kashi na farko ya fito a 1884, ba a kuwa kammala ba sai 1928, shekara 13 bayan rasuwar Murray.

Hanyar da suka bi mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar aikatawa. Masu karatu na sa-kai suka yi ta bin littattafai da jaridu, duk inda suka ci karo da kalma sai su rubuta jimlar da ta zo ciki a 'yar takarda, tare da sunan littafi da shafi da shekara. Idan aka jera takardun bisa shekaru, salsalar kalmar sai ta bayyana da kanta. Daga wannan aiki muna iya fitar da sharuɗɗa uku waɗanda kowane bayanin asali ya wajaba ya cika. Na farko shi ne shekara: kada kalmar ta girmi abin da aka ce ya haife ta. Na biyu shi ne sauti: sauyin da aka ce ya auku ya dace da yadda sautukan harshen suka saba sauyawa. Na uku shi ne hanya: a nuna mutanen da suka ɗauko kalmar, da wurin da suka haɗu da waɗanda suka ara.

3.0 Labaran da Suka Kasa

Kalmar "posh" tana nufin abin ƙasaita irin na masu hannu da shuni. Labarin da aka fi yayatawa shi ne cewa attajiran da ke tafiya Indiya daga Ingila a jirgin ruwa sukan kama ɗaki a ɓangaren hagu in za su tafi, da ɓangaren dama in za su komo, domin guje wa zafin rana, sai a buga wa tikitinsu haruffan farko na "port out, starboard home". Labarin yana da kan gado, ga jirgi ga rana ga masu kuɗi. Sai dai duk binciken da aka yi a tsofaffin takardun kamfanin jiragen P&O bai turo ko da tikiti ɗaya mai wannan hatimi ba. Kalmar ta bayyana a rubuce da wannan ma'ana a shekarun 1910, labarin kuwa bai ɓullo ba sai a shekarun 1930. Bugu da ƙari, al'adar harhaɗa haruffan farko a furta su tamkar kalma guda ba ta yi ƙarfi a Ingilishi ba sai wajen Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka sami irin su "radar" a 1940.

Haka nan "sirloin", sunan wani yanki na naman bayan sa. An ce wani sarkin Ingila ne ya ji daɗin naman har ya zare takobi ya naɗa shi sarautar "Sir". Wasu sun ce Henry na Takwas ne, wasu James na Ɗaya, wasu Charles na Biyu, kuma yawan sarakunan kansa ya isa ya sa mai nazari ya yi ɗar-ɗar. Gaskiyar maganar ita ce kalmar daga Faransanci take, inda "sur" ke nufin bisa, "longe" kuma yankin ƙugu, kuma da "sur" ake rubuta ta a Ingilishi tun kafin James ya hau gado a 1603. Abin lura a nan shi ne Johnson kansa ya shigar da labarin naɗin a ƙamusunsa. Ashe girman malami ba ya wanke ruwaya mai rauni.

Misali na uku shi ne "quiz". An ce wani manajan gidan wasan kwaikwayo a birnin Dablin, Richard Daly, ya yi caca a 1791 cewa zai shigar da sabuwar kalma bakin jama'a cikin kwana biyu, sai ya sa aka bi bangayen gari da alli ana rubuta haruffan nan huɗu. Amma kalmar tana nan a rubuce tun shekarun 1780 da ma'anar mutum mai baƙuwar ɗabi'a, labarin cacar kuwa bai shiga ɗab'i ba sai bayan fiye da shekara 40, Daly ya riga ya rasu. Sharaɗin shekara kaɗai ya kayar da shi.

Idan aka dubi labaran nan uku za a ga siffarsu ɗaya ce: akwai gwarzo, akwai abin da ya auku rana ɗaya, akwai abin dariya a ƙarshe. Wannan siffar tatsuniya ce, kuma ita ce ke sa su daɗe a bakin mutane.

4.0 Labaran da Suka Tsaya da Ƙafafunsu

Kada a ɗauka cewa duk labari mai gwarzo ƙanzon kurege ne. Kalmar "boycott", watau ƙaurace wa mutum ko haja, sunan mutum ce, Charles Boycott, wakilin wani mai gonaki a yankin Mayo na ƙasar Ailan. A 1880 manoma 'yan haya suka yi masa tawaye a kan kuɗin haya da korar da ake yi musu, suka daina yi masa aiki, masu kantuna suka daina sayar masa da kaya. Jaridun wannan shekarar suna nan, ana iya bin kalmar a cikinsu wata bayan wata har ta tsallaka zuwa Faransanci da Jamusanci.

Ita ma "gerrymander", wadda ke nufin yanka mazaɓu ta yadda jam'iyya mai mulki za ta ci riba, an san ranar haihuwarta. A 1812 gwamnan jihar Massachusetts ta Amurka, Elbridge Gerry, ya sa hannu a dokar da ta fitar da wata mazaɓa mai lanƙwashe-lanƙwashe. Jaridar Boston Gazette ta 26 ga Maris na shekarar ta buga zanen mazaɓar da siffar dodo, aka haɗa sunan gwamnan da "salamander", wata 'yar dabba mai kama da ƙadangare.

Sai "serendipity", watau dacewa da alheri yayin da ake neman wani abu dabam. Horace Walpole ne ya ƙaga ta a wasiƙar da ya rubuta wa abokinsa Horace Mann ranar 28 ga Janairu, 1754, ya kuma faɗa da kansa cewa daga wata hikayar Farisa ta 'ya'yan sarkin Sarandib su uku ya ciro ta. Sarandib kuwa shi ne sunan da littattafan Larabci suka san tsibirin Siri Lanka da shi.

Ta fuskar daɗin ji, waɗannan ba su fi na sashen baya ba, ba su kuma kasa su ba. Bambancin kawai shi ne a nan akwai takarda ta zamanin da abin ya auku, wadda kowa ke iya zuwa ya duba. Laifin marubutan da muke sharhi a kansu shi ne jera iri biyun a shafi ɗaya, da murya ɗaya, ta yadda mai karatu ba shi da hanyar rarrabe tsaki da tsakuwa.

5.0 Kalmomin da Kuskure Ya Haifa

Akwai wani rukuni wanda ya fi dacewa da aji, domin yana koyar da yadda harshe da rubutu ke aiki. A 1886 Walter Skeat ya laƙaba wa wasu kalmomi suna "ghost words", watau fatalwar kalmomi, waɗanda ba su taɓa rayuwa a bakin kowa ba, kuskuren mai kwafa ko na maɗaba'a ne ya jefa su ƙamus. Shahararriya a cikinsu ita ce "dord". A 1931 editan sashen kimiyyar haɗa sinadarai na ƙamusun Webster ya aika da 'yar takarda mai cewa "D or d", yana nufin babban harafi ko ƙarami na iya tsayawa a madadin "density". Aka karanta ta tamkar kalma guda, ta fito a bugun 1934. Sai a 1939 wani edita ya lura cewa babu bayanin asali a gabanta, ya bi sawu ya gano abin da ya faru, aka cire ta. Rashin salsala ne ya tona mata asiri.

Wata fatalwar kuwa ta sami rai, har malamai ba su da abin da suke ambato kamarta. "Syllabus", watau manhajar darasi, ta samo asali ne daga kuskuren karanta wata kalma a wasiƙun Cicero zuwa ga Atticus. Kalmar ita ce "sittybas", ararriya daga Girkanci, mai nufin 'yan guntayen fata da ake liƙa wa littafi a rubuta sunansa. Bugun ƙarni na 15 ya kawo ta a matsayin "syllabos", daga baya masana suka nema mata dangantaka da wani aikatau na Girkanci mai nufin tattarawa, ta haka ta sami ma'anar da take da ita yau.

Kunne ma yana nasa kuskuren. "Nickname", watau laƙabi, a da "an ekename" ce, ma'ana ƙarin suna, sai harafin "n" ya tsallake daga ƙaramar kalmar da ke gaba ya manne wa sunan. Akasin haka ya faru ga "apron" da "adder" da "umpire", waɗanda a da da "n" suke farawa. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan, domin "littafi" da "liman" da "labari" da "lahira" duk sun haɗiye "al" ta Larabci ta zama jikinsu. Irin wannan bayani ya fi labarin sarki da takobi amfani, domin ƙa'ida ce da ɗalibi zai iya gwadawa a kan wasu kalmomin.

6.0 Asali da Ma'ana, da Kalmomin Baje Koli

Aibi na biyu na wannan nau'in rubutu shi ne riya cewa ma'anar asali ita ce ma'ana ta gaskiya. Sau da yawa akan tsawata wa mai cewa annoba ta yi "decimate" ɗin gari, wai kalmar ba ta nufin kome sai kashe ɗaya cikin goma, kamar yadda Rumawa ke hukunta rundunar da ta yi bore. In da wannan ƙa'ida za a bi, to "nice" sai ta koma nufin jahili, domin daga "nescius" ta Latin take, kuma da ma'anar wawa ta shigo Ingilishi wajen shekarar 1300. "Silly" kuma, wadda yau ke nufin sakarai, sai ta koma nufin mai albarka, kamar yadda take a tsohon Ingilishi. Mu ma babu mai cewa "kuɗi" ba ya nufin kome sai jam'in "wuri", ko "waya" ba ta wuce zaren ƙarfe ba. Asali yana gaya mana inda kalma ta fito. Ma'anarta ta yau kuwa sai a nemo ta a bakin masu magana na yau.

Aibi na uku shi ne ɗaukaka kalmomin da ba su da wani aiki sai a nuna su. "Floccinaucinihilipilification", mai harafi 29, wadda ke nufin ɗaukar abu a bakin banza, an harhaɗa ta ne cikin raha daga kalmomin Latin huɗu da ke jere a littafin nahawun makarantar Eton, ta kuma bayyana a wasiƙar mawaƙi William Shenstone a 1741. Wadda ta fi ta tsawo, mai harafi 45, wadda ke farawa da "pneumono" kuma ake cewa sunan ciwon huhu ce, an fito da ita ne a taron wata ƙungiyar masu wasa ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1935, likitoci kuwa "silicosis" suke cewa. Babu laifi a yi nishaɗi da su. Laifin shi ne a nuna wa ɗalibi cewa haddace su shi ne ƙwarewa a harshe, har ya riƙa neman doguwar kalma inda gajeriya ta wadatar.

7.0 Inda Zancen Ya Taɓo Afirka

"OK" na daga cikin kalmomin da aka fi jayayya a kansu. An danganta ta da harshen Choctaw na 'yan asalin Amurka, David Dalby kuma ya kawo shawarar cewa daga Wolof take, ta bakin bayin da aka kai can. Amma Allen Walker Read na Jami'ar Columbia, a jerin maƙalun da ya buga a mujallar American Speech a 1963 da 1964, ya nuna ta a jaridar Boston Morning Post ta 23 ga Maris, 1839, a matsayin taƙaitawar "oll korrect", rubutun ganganci na raha, a daidai lokacin da jaridun Boston ke yayin irin wannan wasa da haruffa. Ya kuma nuna yadda zaɓen 1840 ya yaɗa ta, saboda laƙabin Martin Van Buren, "Old Kinderhook". Wani na iya cewa ai wannan ma taƙaitawa ce irin ta "posh". Bambancin shi ne a nan ana kiran haruffan ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ga jaridar a hannu.

Wajibi ne a yi adalci ga masu ra'ayin asalin Afirka. Ma'aunin Oxford ya dogara ga abin da aka rubuta, maganar bayi da talakawa kuwa ba ta cika shiga takarda da wuri ba, saboda haka rashin shaidar rubutu ba ya kore yiwuwar abu. Lorenzo Dow Turner, a littafinsa na 1949 kan harshen Gullah na gaɓar Carolina ta Kudu da Georgia, ya nuna cewa ana iya tabbatar da gadon Afirka ta hanyar bincike a bakin masu magana. Kalmar "goober", gyaɗa, daga "nguba" ta harsunan yankin Kwango, ta cika sharuɗɗan nan uku: amfanin gonar da mutanen da sautin duk sun dace.

Ba haka lamarin "bogus" yake ba, wadda ke nufin jabu, wadda kuma wasu suka ce daga "boko" ta Hausa take. Ma'anar ta yi kusa, abin kuma yana da daɗi ga kunnen Bahaushe. Amma a 1827 wata jarida a jihar Ohio ta yi amfani da ita a matsayin sunan na'urar buga jabun kuɗi, cikin zaurancen masu wannan sana'a, kuma ba a nuna hanyar da ta bi daga bakin Hausawa zuwa gare su ba, ba a kuma bayyana inda "s" ta ƙarshe ta fito ba. Manyan ƙamusoshi sun tsaya a kan cewa asalinta bai tabbata ba, kuma matsayin da ya dace ke nan.

Ita "boko" ɗin kanta an daɗe ana cewa daga "book" take, har maganar ta cika jaridun duniya. Paul Newman ya warware wannan a 2013. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo kalmar da ma'anonin algus da yaudara da abin da ba na ainihi ba, kamar a "amaryar boko", waɗanda ba su da wata alaƙa da littafi. Ta fuskar sauti kuma, wasalin "book" da "u" ya kamata ya fito a Hausa, ba da dogon "o" ba. Kalmar tamu ce, aka laƙaba wa karatun Turawa don nuna cewa ba shi ne na gaskiya ba. Kamannin sauti ya ruɗi masana a nan kamar yadda ya ruɗe su a "sirloin". Wanda ya ƙi yarda cewa "boko" daga "book" take saboda rashin hujja, bai kamata ya yarda cewa "bogus" daga "boko" take ba don kawai ribar ta faɗo gidansa.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa rubuce-rubucen da ke yayata asalin baƙin kalmomin Ingilishi suna da aibi uku: cakuɗa tatsuniya da tarihi, ɗaukar asali a matsayin ma'ana, da fifita kalmomin baje koli. Ba mu ce a yi watsi da su ba, domin suna tayar da sha'awar ɗalibi, kuma sha'awa ita ce mafarin bincike. Abin da muke kira gare shi shi ne malami ya mai da kowane labari abin gwaji a aji: a tambayi shekarar da kalmar ta fara bayyana, da shekarar da labarin ya fara bayyana, a duba sauti, a nemi hanya. Inda aka rasa amsa, a koya wa ɗalibi cewa faɗin "asalinta bai tabbata ba" magana ce ta ilimi, ba gazawa ba.

Ga ɗalibanmu masu neman manyan digirori kuwa, akwai aiki a gabansu. A Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da wasu kalmomin Ingilishin Nijeriya, ciki har da "okada" da "danfo" da "Kannywood". Irin waɗannan kalmomi, da takwarorinsu da ke shigowa Hausa kullum, waɗanda suka ga haihuwarsu suna raye, jaridun da suka fara buga su kuma ba su riga sun ruɓe ba. In ba a tattara jimlolin da shekarunsu yanzu ba, masu zuwa bayanmu za su cike giɓin da nasu labaran sarki da takobi.